Injin Kusurwa

"Sake dubawa, Moussa," in ji Baba Hamidu, yana goge gumi da hularsa.

Moussa, mai sibar, wato shagon intanet na unguwarmu ta Lamordé, bai ko ɗago daga salularsa ba. Ya miƙa hannu ya danna injin kwamfutar, shafin ya fito nan take: sunayen ƙauyukan da wata ƙungiya za ta kai wa hatsi. Babu Gidan Tanko, ƙauyen Baba Hamidu.

Shekarar 2010 ce, damina ta ƙi, soja na kan mulki. Baba Hamidu maƙwabcinmu ne, tsohon mai gadi, shi ƙauyensu suka wakilta a Yamai. An ce in sunan ƙauye ya fito a intanet, wakili ya je biro, wato ofishin ƙungiyar, ya sa hannu cikin kwana goma. Sati biyar yana jan ƙafa zuwa sibar da tari a ƙirji, kullum Moussa ya zaunar da shi a injin kusurwa.

Ran Laraba bai fito ba. Na kai masa kunu, ya kasa sha.

"Jamila, ɗiyata, ba su ji mu ba," ya ce. "Me zan ce wa mutanen gida?"

Da la'asar ya cika.

Washegari a jami'a na buɗe shafin, ya daɗe yana juyi kafin ya zo. Gidan Tanko ne na uku. An sa shi tun wata guda, wa'adin ya wuce. Na kira Mamman mai gyaran injunanmu, na gaya masa.

"Ordinatar, wato kwamfuta, tambaya take aika wa sarba, babban injin da ke riƙe da shafin, sarba ta maido amsa," ya ce. "In kin ga shafi ya fito nan take a garin nan, ba a tambayi kowa ba. Tsohon kwafin da injin ya ajiye ne."

Na tarar da Moussa a ƙofar sibar, ya dawo daga zaman makoki, yana sakace.

"Ai ni na cire wa injin nan wayar intanet," ya ce. "Injin madam matata ke ja a hankali in yana haɗe. Kuma mutum da tari haka, in sa shi cikin kiliyan, masu zuwa su biya kuɗi? Allah dai ya jiƙansa."

Har yau ba na amsa gaisuwarsa.

Na leƙa ciki. Kujerar kusurwa babu kowa, tsoffin sunayen na nan a gilashin injin, wayar kuma tana kwance a ƙasa, taƙi ɗaya daga ramin da za a cusa ta.