Waƙar Silifas a Jana'izar Aling Lumen

"Ƙara murya, Tibo. Kunnen ne ya tsufa, ba ni ba."

Mang Tibo ya leƙa ta taga, ya tabbatar babur mai ƙafa uku na Nilo, ɗan gidan, ba ya ƙofar gida, sannan ya kanga wayar a kunnen tsohuwar. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ɗaukar gawa a Tayabas, bai taɓa yin abu a ɓoye ba sai yau. Kiɗan ya taso kamar an danna ƙararrawar ƙofa ɗari a lokaci guda. Shi bai yarda wannan kiɗa ne ba. Babu gita, babu ganga ta fata, lantarki ne zalla. Amma Aling Lumen, maƙwabciyarsa da ta yi wata uku ba ta sauko daga gado ba, ga babban yatsan ƙafarta yana rawa a ƙarƙashin bargo.

Mai waƙar Isay ce, 'yar layin nan, wadda ta tafi Manila ta yi suna da albam ɗaya, daga nan ta yi shiru shekara bakwai. Duk shekarun nan ita da Nilo ne, ɗan Aling Lumen tilo. Bara ya rabu da ita ta saƙon waya, layi biyu, kamar mai sallamar lebura. Ba ta ce uffan ba sai makon jiya, da ta saki waƙa mai suna "Zo Ka Ɗauki Silifas Ɗinka," ta ce albam ɗin na nan tafe ranar Juma'a. Kafin kwana uku babu shagon da ba ya kaɗa ta. A tashar babura abokan Nilo suna ganinsa sai su duba ƙafarsa.

"Angon Manila, yau ma ba takalmi?"

Nilo ya kafa doka: ba a jin waƙar a gidansu.

Da waƙar ta ƙare Aling Lumen ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Mang Tibo ya ba ta ruwa.

"Ta yi masa da sauƙi," ta ce. "Da ni ce, da sunansa zan faɗa, da lambar babur ɗinsa."

"Lumen, ki ji tsoron Allah. Mai ƙafa ɗaya a kabari addu'a ta kamace shi."

"Na yi da safe. Kai dai zauna. Ranar da za ka kai ni, me za ka sa a lasifikar nan taka?"

"Abin da nake sa wa kowa."

"Wannan kukan akuyar? Waƙar Isay za ka sa min."

"Allah ya kiyaye!"

"Saurara, mai taurin kai." Ta kama hannun rigarsa. "Yarinyar nan ta wanke min kai, ta yanke min farce, ta kira ni Nanay, wato uwa, tun ba a ce ta kira ba. Ta yi masa magana minti huɗu a waƙar nan, shi ko minti ɗaya ya kasa tsayawa ya ji. A gida yana kashe rediyo, a titi yana murɗa babur ya gudu. A bayan akwatina ina zai gudu? Sau ɗaya, har ƙarshe. Ka yi min alkawari."

Mutum ya yi hattara da alkawarin bakin gado, don wanda ya karɓa ba zai dawo ya yafe ba. Mang Tibo ya san haka sarai. Ya dai yi.

Ba ta kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis da hantsi ta sha cokali uku na kunun shinkafa da citta, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta tambayi kwana nawa ya rage wa albam. Nilo ya ce ɗaya, yana ɓata rai. Ta ce, "To, ku ji min." Ya fita mayar da kwano, ya dawo ya tarar ta tafi.

Kwana biyar aka yi ana zaman makoki a rumfar tamfol da ta tare rabin layi, ana kofi da biskit da karta. Albam ɗin ya fito a rana ta biyu. Matan layi suka riƙa miƙa wa juna abin ji a kunne ta ƙarƙashin tebur, fuska a murtuke, kafaɗa tana motsi. A nan maganar alkawarin ta fasu, domin Aling Lumen ta gaya wa mai yi mata wanki, kuma gaya wa wannan matar daidai yake da sanarwa a coci.

Safiyar jana'iza Mang Tibo yana goge gilashin mota Nilo ya zo cikin farar riga, idanu jajur.

"Ninong," ya ce. Haka yake kiransa, don shi ya riƙe shi ranar baftisma. "Ka rufa min asiri. Garin nan kaf zai fito."

"Na yi wa uwarka alkawari."

"Ba za ta sani ba."

"Ni zan sani."

"To ka sa a hankali."

"Ba ta ce a hankali ba. Gyara maɓallin rigarka."

Baki ne kawai ya yi ƙarfi. Da aka fito daga coci, motar tana rarrafe, jama'a na biye a ƙasa da lema, tsohuwar waƙar makokinsa ya sa. Ya wuce kantin magani da ita. Ya wuce makaranta. A madubi yana ganin Nilo, tafin hannunsa a kan gilashin baya kamar yadda 'ya'yan mamaci suke yi, kansa a ƙasa. Yaron da ya koya wa keke. Maraya na kwana biyar. Wane irin uba ne zai tsiraita shi a tsakiyar kasuwa? Sai ya tuna hannun da ya kama masa riga, ba nama a jikinsa, amma ya ƙi saki.

A bakin gada ya danna.

Ƙararrawar nan ɗari ta fashe daga rufin mota. Wata tsohuwa ta ce "Yesu!" ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna girgiza. 'Yan tashar babura suka cire huluna, suka rasa inda za su ajiye idanunsu. Tafiyar bin gawa tafiya ce ta jan ƙafa, amma kiɗan bai san haka ba, kuma ƙafa ba ta da kunya. Kafin a sauka gadar taku ya daidaita da bugu, lemomi suna sama suna ƙasa. Har Fada, limamin cocin, ya riƙa gyaɗa kai, yana yi kamar addu'a ce.

Muryar Isay ta bi titi tana cewa silifas ɗin na nan a bakin ƙofa, ruwa ya dake su, rana ta busar, ita dai ba za ta shigar da su ɗaki ba, ba kuma za ta zubar ba.

Mang Tibo ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sai da baiti na ƙarshe ya shigo ya yarda ya ɗaga ido.

Nilo bai cire hannunsa daga gilashin ba. Ya ɗago kai, hawaye na sauka cikin kwalar rigarsa, leɓensa suna tafiya tare da waƙar, kalma bayan kalma, ba ya kuskure ko ɗaya.

Mang Tibo ya ɗan sassauta ƙafa a kan totur, don kada su isa ƙofar maƙabarta kafin ta ƙare.