Kwalbar da Ke Kan Hanya

Nurbaiti ta daɗe tana jujjuya kwalbar a hannunta, har yarinyar kemis ɗin ta gaji da tsayuwa ta koma kan wayarta. 'Yar ƙaramar kwalba ce koriya, cike da ƙwayoyi, an zana mata ganyen alobera a jiki, wanda mu mutanen Pontianak muke kira harshen kada. Kuɗinta kuwa ya isa cefanen mako guda.

"Kak, ɗauka za ki yi ko in mayar?" in ji yarinyar, tana kiranta yaya da harshenmu.

"Tsaya mana. Yana aiki kuwa?"

"Masu saye dai suna dawowa. Wa za a ba?"

"Maƙwabcina ne, tsoho. Ƙoda ke damunsa, ƙafafun duk sun kumbura."

Yarinyar ta ajiye wayar. "Mai ciwon ƙoda? Ni dai da ubana ne, ba zan ba shi ba sai likita ya ce."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Baiti, kuma gaskiyar magana sanyin nan bai shafi ƙodar kowa ba. Ta samu dalili ne, mai kyau, wanda za a iya faɗa a gaban mutane. Ta miƙa kwalbar, ta zuge jakarta ta fita.

Bango ɗaya na katako ya raba gidanta da na Wak Jahari, wato Kawu Jahari, a layin gidajen da ke tsaye kan ruwa a bakin kogin Kapuas. Tsohon mai kwale-kwale ne. 'Ya'yanta duka shi ya riƙa ƙetarar da su makaranta, in ta miƙa masa kuɗi ya ce ta saya musu alawa. Jiya da matan majalisin karatu suka je duba shi, suka tarar ya ƙura wa talabijin ido, ana tallar ƙwayar nan, wani farin tsoho yana gudu a bakin teku.

"Kun ga wannan?" ya ce. "Raina ya biya da ita."

Matan suka kalli juna. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ransa ya biya da abu bai ɗanɗana ba, mukan ji masa tsoron kemponan, wato wani tsautsayi ya same shi. Maganin ba wuya: ko taɓa abin ya yi da yatsa ya kai baki, ya wadatar. Baiti ce ta riga kowa buɗe baki, da ƙarfi kuma, yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Bar min wannan, Wak. Gobe-goben nan zan kawo maka."

To ga goben. Daga kemis ta biya kasuwa ta sayi ganyen alobera ɗaya jibgege, irin wanda ake ƙetarowa da shi daga gonakin Siantan. Ta fere shi, ta yayyanka, ta wanke yauƙin tas, ta dafa da ɗan sukari da ganyen ƙamshi. Ta zuba a kwano mai murfi, na baƙi, ta shiga da shi.

Wak Jahari na kwance kan katifa a tsakar ɗaki, matarsa Mak Sapiah tana yi masa fifita. Ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ke Baiti, ni za ki kawo wa wannan? Na yi dakonsa a kogin nan har ƙayarsa ta san tafin hannuna. Ina ta kwalbar?"

Nan ne ya kamata ta faɗi abin da yarinyar kemis ta ce. Maganar na bakinta. Amma ta ga yadda idon tsohon ya sauka kan jakarta, sai wata maganar ta riga waccan fitowa.

"Ta ƙare a kemis, Wak. Na yi oda ta waya, daga Jakarta za a turo. Mai babur zai kawo har ƙofa."

"Daga Jakarta," ya maimaita, yana jinjina kai. "Kin ji, Piah? Ashe na zama babban mutum." Sai ya rage murya. "Na san likita ya hana ni shaye-shayen nan, 'yar nan. Ko ban haɗiya ba, in dai taɓa."

Ta ce to, ta fito.

Da yamma ta ba mijinta Sopian labari yana cin shinkafa, ta fi jaddada batun illa.

"To ki saya masa ya taɓa a huta mana," ya ce.

"Ba ka ji an ce tana lalata ƙoda ba?"

"Taɓawar ma?"

"Kai komai wasa ne a wurinka. A sayi abu mai tsada haka don a shafa masa yatsa kawai?"

Sopian ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cin abincinsa. Ita kuwa ta ɗauki waya ta shiga bincike. Wannan ya ce ƙwayar ta tashi kakarsa daga kwance, wancan ya ce damfara ce, wani ya ce gudawa ta sa shi. Duk wanda ya kushe, sai ta karanta nasa sau biyu. Ta yanke cewa za ta saya in an shiga sabon wata. Da watan ya shiga, sai ta ce bari dai ta tambayi likita, likitan da ba ta taɓa niyyar zuwa wurinsa ba.

Ta daina bi ta ƙofar su Wak Jahari. Takan zagaya ta gadar katako ta baya, inda ake wanki, ta riƙe takalmanta a hannu don kada katakon ya tona ta. Miya kam ba ta fasa aikawa ba, sai dai ta miƙa wa Mak Sapiah ta taga ta ce tana sauri. Tana jin tarinsa ta bango, tana jin kunya, amma kunyar ba ta kai ta kemis ba.

Ran wata Laraba da hantsi, tana shanya, lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ya yi salati, ya faɗi sunan Jahari ɗan Matsum. Rigar da ke hannunta ta faɗa ruwa, ba ta ko bi ta da kallo ba.

Bayan an kai shi, mata suka cika kicin ɗin Mak Sapiah ana yankan albasa don abincin masu addu'a. Wata tsohuwa daga ƙarshen layi ta matso, ta yi tambayar da kowa ke riƙe da ita.

"Piah, abin nan da ransa ya biya da shi, ya samu kuwa? Kada a ce ya tafi da shi a rai."

Wuƙar Baiti ta tsaya.

"Bai iso ba," in ji Mak Sapiah. "Amma ai an saya. Baiti ta saya masa tun washegari, hanya ce ta yi nisa. Shi da bakinsa ya ce abin da aka riga aka saya da sunanka, kamar ka taɓa ne." Ta dafa gwiwar Baiti. "Kin sanyaya masa rai, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki."

Matan suka amsa da amin. Wata ta ce irin maƙwabtan nan sun yi ƙaranci yanzu. Baiti ta buɗe baki, ta dubi fuskar Mak Sapiah, ta ga cewa gaskiyar ba za ta amfani kowa a ɗakin nan ba sai ita kaɗai, ita ma don ta sauke nauyi. Ta rufe bakinta. Hawayen da suka zubo mata, kowa ya ɗauka na rashi ne.

"In ya iso ki ba wani mara lafiya, ladan sadakar ya kai masa," Mak Sapiah ta ƙara. "Je ki ɗauko mana tire a ɗaki."

Baiti ta tashi ta shiga ɗakin da ta daɗe ba ta taka ba. Katifar ba ta tsakar ɗaki inda ta san ta. An ja ta har jikin ƙofar gaba, an jingina filo biyu da bango, daidai inda mai kwance zai iya hango gadar katako har bakin titi. Filon na sama bai gama tashi daga lotsawar kan tsohon ba. Ta tsaya riƙe da tiren. Can a kan gadar wani babur ya taho, katakai suna kaɗawa a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ƙofar bai tsaya ba.