Cokali Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Inna Kuku tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, kuma ba ta taɓa yarda akwai ciwon da ya gagari tukunya ba. Zazzaɓi ne, ɓacin rai ne, faɗuwa jarrabawa ce, maganinta ɗaya, a ƙara ludayi. Yaron da ya dawo daga hutu a rame ma faɗa take masa, sai ka ce da gangan ya yi.

Sai ga autanta an sauke shi a ƙofar gida, mutum biyu na riƙe da shi. Jirgin ruwan da yake wa aiki ne ya lalace nesa da gaɓa, masu shi suka yi watsi da ma'aikatan. Wata biyar suna raba ɗan abin da ya rage, sati ukun ƙarshe kuwa ruwa kawai. Ba ta gane shi ba sai da ya ce, "Inna." Agogonsa ya zame har gwiwar hannu.

A asibiti babu gado. Nas ta ja ta gefe.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Romo mara mai, cokali huɗu duk bayan awa biyu, da wannan ƙwayar. Ko kuka ya yi kada ki ƙara. Ranar Litinin ku dawo."

"'Yar nan, yunwa ce fa ke damunsa."

"Na sani. Jikin da ya daɗe bai ci ba, in aka cika shi lokaci ɗaya, gishirin da ke cikin jini sai ya yi ƙasa, zuciya ta kasa aiki."

Inna Kuku ta gyaɗa kai. A ranta kuwa cewa ta yi, yarinyar da da ganinta ko albasa ba ta iya yankawa ba, ita ce za ta koya mata ciyar da ɗa.

Duk da haka kwana biyu ta bi doka. Ta ba shi huɗun, ya bi kwanon da ido, ta ɗauke ta juya baya don kada ya ga fuskarta. Kunya ta ishe ta, ita da ke cika ciki ɗari huɗu kullum. Rana ta uku da hantsi ta same shi a kicin, dafe da bango, yana lasar murfin tukunya.

"Inna, can ma haka ake mana," ya ce. "Da cokali."

Shi ke nan. Ta ɗora shinkafa, ta soya nama da ƙwai, ta shafe burodi da bota, ta haɗa shayi mai kauri da madara da sukari. Ya ci yana dariya yana hawaye, yana ba ta labarin abokinsa na jirgi da ke karanta musu rubutun jikin gwangwanin abinci kamar wasiƙar gida. Sau biyu ta ƙara masa. Rabonta da farin ciki irin na ranar tun haihuwarsa.

Washegari ma ya ci ya ƙoshi. Da ƙafafunsa suka kumbura ta ce jiki ne ya fara dawowa, har ta kira maƙwabciya ta gani. Ranar Lahadi da la'asar numfashi ya fara yi masa wuya, hannuwansa na rawa. Wannan karon an samu gado, kuma a kansa ya cika kafin rana ta faɗi.

Likitan dattijo ne. Ya zauna kusa da ita a benci, bai ɗaga murya ba. Ya ce bayan wani babban yaƙi aka fi gane abin, lokacin da sojoji suka buɗe sansanonin fursunoni, tausayi ya sa suka miƙa musu duk abincin da ke jakunkunansu, mutanen da yunwa ta bari da rai suka yi ta mutuwa da ciki cike.

"Dole mu rubuta, Mama," ya ce a hankali. "Me ya ci?"

Ta faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba rawa, ko sukarin ba ta tsallake ba. Likita ya gama ya rufe biro, zai tashi ta kama hannun rigarsa.

"Likita, ya ce abincin ya yi daɗi. Rubuta wannan ma."