Hutun Zaharah a Jirgin Ruwa

Wata huɗu Zaharah ta yi tana farautar tikitin jirgin ruwan shaƙatawa mai araha. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗora tabarau a hanci, ta duƙufa kan waya. Maƙwabtanta na Penang, a ƙasar Malesiya, kowa ya je ya dawo da hotuna, ita kuwa ta rantse ba za ta biya abin da suka biya ba.

Wata Laraba ta yi kiciɓis da garaɓasa: kwana uku, rabin kuɗi, saura ɗaki ɗaya. Ta biya tun kafin ta gama karantawa.

"Malam, haɗa kaya!" ta ce wa mijinta Sudin, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin fito kafin ya yi ritaya.

"Ruwa dai? Ni da na gudo daga cikinsa?"

"Wannan da kwandishan."

Daga Port Klang jirgin zai tashi, saboda haka sai da suka sha tafiyar awa biyar a bas. Ɗakin ba taga. Zaharah ta ce ai ba kallo ya kawo ta ba, barci ne. Washegari da hantsi aka yi sanarwa an iso zangon farko, kuma shi ne kaɗai. Suka hau sama. Sudin ya ƙura wa gaɓar ido, ya daɗe, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ga hasumiyar agogonmu can. Kin kawo mu gida."

Penang ce. Zaharah ta zaro takardar tikitin, a karon farko ta karanta ta har ƙasa.

Suka sauka cikin ayarin baƙi. A bakin tasha Letchumi mai sayar da furanni ta hango su.

"A'a, har kun dawo?"

"Ba mu dawo ba," in ji Zaharah, ta gyara gyale. "Wucewa muke."

Sudin ya ce su leƙa gida, tafiyar minti goma ce. Ta ƙi. "In na shiga sai na ɗauki tsintsiya. Hutu na biya."

Ya tafi shi kaɗai, ya ba kyanwa abinci, ya miƙe a gadonsa ya yi barcin da ya fi na jirgi daɗi. Ita kuwa ta bi ɗan jagoran baƙi zuwa kasuwar da take cefane, ta sa shi ya ɗauke ta hoto a gaban mai kifinta, tana yi wa mai kifin alama da ido kada ya gaishe ta.