Ƙafafun Motar da Ta Zo a Akwati

Shekara talatin da huɗu Muhammadu Lawan ya yi a rumfarsa ta bakin titi a Dogo Tebo yana kokawa da tayoyin tirela. Duk direban da ke ɗibar shanu zuwa kudu ya san shi. Da ƙarfe yake ƙwanƙwasa taya ya faɗa maka iskar da ta rage a cikinta, in ka sa geji ka tarar bai yi kuskure ba. Karatunsa a wannan sana'a guda ɗaya ne: kaya in ya yi nauyi, a ba shi taya mai faɗi, a cika ta da iska har ta yi tauri kamar dutse.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Alhaji Almustapha ya zo da kansa. Mutum ne mai sayar da yadi, wanda kakansa ya taso daga Kano ya zauna a Potiskum. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam Lawan, ina da mota a gida, komai ya kammala sai ƙafafu. Ina so ka je ka gan ta."

"Alhaji, ai sai a faɗa mini sunanta in faɗi lambar tayarta."

"Ba ta da sunan da ka sani. A akwati ta zo."

Lawan ya ɗauka wasa ne. Da suka isa gidan a unguwar Bolewa, Alhaji ya buɗe garejin, sai Lawan ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Wata aba ce doguwa, siririya, a kwance kan bulo huɗu, tsayinta bai kai ƙugunsa ba. Babu rufi, babu ƙofa. Kujeru biyu ne kawai a ƙasa-ƙasa, da sitiyari ɗan ƙarami kamar faifan rufe ƙwarya. Jikinta na gorar ruwa ne, sai sheƙi yake yi, ta wasu wurare kuma ana hango bututan ƙarfe da aka saƙa suka zama ƙashinta.

Alhaji ya yi masa bayani. Daga ƙasar waje ya yi odar ta, ta zo gunduwa-gunduwa a akwatunan katako, da littafin da ke nuna inda kowane noti zai shiga. Shekara biyu yana haɗa ta da hannunsa, kullum in ya taso daga kasuwa.

Lawan ya durƙusa zai duba inda taya za ta zauna. Bulo ɗaya ya ɗan karkace, sai ya sa hannu biyu a kusurwar baya don ya ji ko za ta motsa. Ya yunƙura kaɗan, sai kusurwar ta taso ta bar bulon. Ya yi sauri ya mayar da ita, ya dubi tafin hannunsa.

"La ilaha illallahu! Alhaji, da inji a cikinta?"

"Da inji, da giya, da komai. Duka-duka kilo ɗari biyar da 'yan kai."

"Buhun gero biyar ke nan," in ji Lawan a hankali. "Buhu biyar, kuma wai mota."

Alhaji ya nuna masa hoto a waya, wata irinta da manyan rim masu inci goma sha bakwai, taya mai faɗi, robarta siririya a gefe. Irin su yake so. Lawan bai ga laifin haka ba, don a saninsa babbar taya ba ta taɓa ba da kunya. Cikin kwana uku ya samo su, masu huda huɗu daidai da motar, ya ɗaura, ya ba kowacce iska talatin da biyar kamar yadda yake ba ƙananan motocin gari.

Ranar gwaji suka ɗauki hanyar Danchuwa, Alhaji na tuƙi, Lawan na gefe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. A kan kwalta mai santsi abin ya yi daɗi. Da suka fara shiga gargada sai motar ta koma ɗan akuya. Kowane ɗan rami sai ta yi tsalle, haƙoran Lawan na haɗuwa, bayanta na wutsil-wutsil. A wata kwana ta zame gefe guda, da ƙyar Alhaji ya tsayar da ita a gindin wata tsamiya. Suka fito.

Lawan ya zagaya ta, ya duba notuna, ya sa geji. Komai daidai. Wannan ne ya fi damunsa, don bai ga inda ya yi kuskure ba.

Suna nan tsaye sai ga wani manomi, Malam Sule, ya taho da amalanken shanu babu kaya, zai je gona. Ya tsayar da shanun ya yi sallama, ya daɗe yana kallon motar. Sai ya sauko ya danna tayar da babban yatsansa, ta ƙi lotsawa.

"Tun daga can na hango ku kuna sukuwa," in ji shi, Hausarsa da ɗan karin harshen gida. "Ku gafarce ni, ni ban san mota ba. Amma amalankena in zan ɗauko taki nakan cika masa iska. In zai tafi haka wayam, sai na sassauta, in ba haka ba ya yi ta jifa da ni. Abin da ba shi da nauyi me zai danne wannan dutsen da shi?"

Ya hau amalankensa ya tafi. Lawan ya bi tayoyinsa da kallo, yana ganin yadda suke ɗan lanƙwasawa a kan kowane dutse su wuce shiru.

"Alhaji," ya ce, "tsawon rayuwata ina koyon yadda ake ɗaukar nauyi. Ban taɓa tambayar yadda ake ɗaukar rashinsa ba. Ka ba ni mako guda."

A makon nan rumfarsa ta ga abin da ba ta saba gani ba. Ya aro sikelin masu sayen wake ya rataye a reshen dalbejiya. Duk rim da tayar da ya samo sai ya ɗora. Mai inci goma sha bakwai da tayarta ta yi kilo ashirin da ɗaya. Mai goma sha biyar ta yi goma sha bakwai. Da ya ɗora wata 'yar inci goma sha uku, siririya, mai tudun roba a gefe, allura ta tsaya a goma sha biyu. Ya ɗauki babbar ya yi ta ɗagawa yana saukewa da sauri, hannunsa ya gaji nan da nan. Ya ɗauki ƙaramar ya yi haka, ta bi hannunsa ba gardama. Nan ya gane abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar: ƙafa in ta yi wa jiki nauyi, ita ke jan jikin, ba jikin ke jan ta ba.

Direbobin tirela suka yi ta yi masa dariya, wai Baba Lawan ya koma awon taya kamar mai sayar da nama. Bai kula su ba. Ya zauna yana latsa robar kowacce da farce, yana ware masu taushi, don ya lura taya mai tauri sai ta ɗauki zafi take kama ƙasa, wannan motar kuwa ba ta da nauyin da zai ɗumama ta.

Da ya kai masu inci goma sha ukun Bolewa, Alhaji ya ɓata fuska. "Malam Lawan, waɗannan ai kamar na Keke Napep."

"Ka bari ta faɗi da bakinta, Alhaji."

Sai da ya tabbatar rim ɗin bai gogi birki ba, ya juya sitiyari iyaka dama iyaka hagu bai ji ta taɓa komai ba, sannan ya ba su iska. Da geji ya nuna goma sha takwas ya cire tiyo. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi ya ƙara, amma ya daure.

Suka sake ɗaukar hanyar Danchuwa da la'asar. An yi ruwa da safe, gero ya yi kore shar a dama da hagu. Da suka iso gargadar, Lawan ya riƙe ƙarfen gefensa ya cije baki yana jira. Bai ji komai ba sai wani ɗan motsi a ƙarƙashinsa, kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya. Kwanar da ta kusa kayar da su ta zo, Alhaji ya ɗan murza sitiyari, motar ta bi ta kamar da ma a nan aka haife ta. Alhaji ya fashe da dariya, yana dukan sitiyari yana cewa, "Allahu Akbar! Malam Lawan, ka ji? Ka ji ta?"

Can gaba ya tsaya ya ce sai Lawan ya karɓa. Lawan ya yi ta ƙi, daga baya ya zauna. Ya sa giya ya saki kuloci a tsorace. Bai yi tafiyar kirki ba ya ji abin da bai taɓa ji ba a mota. Hanyar ce gaba ɗaya take shigowa tafin hannunsa. Ya san inda yashi yake, ya san inda ƙasa ta yi tauri, har tsakuwar da tayar hagu ta taka sai da ya ji ta. Ko tunanin karkata ya yi, kafin hannunsa ya gama motsi ta riga ta karkata. Iska na dukan fuskarsa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na cika masa hanci, bakinsa na ta tasbihi bai ma sani ba.

A wata 'yar hanyar gona mai damshi ya taka birki, ta tsaya cak. Ya fito ya koma baya da ƙafa don ya ga yadda tayoyin suka zauna a ƙasa. Layi biyu ne sirara, zanen robar ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar aikin mai ɗinkin hula. Sai ya waiwaya ya ga sawun takalminsa a gefensu. Nasa ya fi na motar zurfi.

Ya kira Alhaji ya nuna masa. Suka tsuguna su biyu, dattawa da furfura, suna auna zurfin da yatsa.

"Alhaji," in ji Lawan, "in ba za ka damu ba, ni zan mayar da mu gida."