Yarinya Mai Ƙwaryar Gwaiba

"Ni za ki gaya wa? Ni da na zauna a kan turmi har ƙafata ta mutu, ke kina can kina tallan gyaɗa!" in ji Keziya, tana buga sandarta a ƙasa kamar babu mutane a hawan ƙasa.

Hajiya Fatsuma ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta tsinkar alayyafonta. "Maman Aminci, rage murya, nan Bronx ne ba Gangaren Jos ba. Na ce ina cikin hoton nan, kuma ina ciki."

To ga tushen rigimar. Tsofaffin nan tare suka tashi a Jos, tare kuma 'ya'yansu suka kwaso su zuwa unguwar Concourse Village da ke Bronx don renon jikoki. Suna 'yan mata aka yi wata Baturiyar Ingila, Mis Alderton, wadda aikinta zanen fuskokin mutane da yi wa littattafan makaranta hotuna. Ita ta zana yarinyar nan mai ƙwaryar gwaiba a littafin firamare. Tun daga ranar Keziya ba ta bar kunnen kowa ya huta ba. 'Yan cocinsu sun sani, mai yi mata kitso ta sani, har direban bas ya sani: ita ce yarinyar.

Yanzu Baturiya ta rasu, jikanta ya baje zane-zanenta a wani ɗan ɗakin nuni a Manhattan. Aminci, 'yar Keziya, ta sanar da shi cewa mai gwaiba tana raye. Shi kuwa ya ce lallai ta zo ranar Asabar ta tsaya kusa da hoton, ta yi wa jama'a bayani. Har Keziya ta kai wa tela ɗinki a unguwar Stapleton. Sai ga Fatsuma da wannan magana.

"Ciro wayarki," in ji Fatsuma. "Ai Aminci ta turo miki hoton babban zanen. Buɗa shi da yatsa. A'a, bar fuskar, mun san wushiryarki ce. Yi ƙasa."

Keziya ta gyara tabarau. A littafi hannuwan ba su fi ƙwayar wake ba, amma a nan ga su ɓaro-ɓaro, riƙe da ƙwarya. Lalle har wuyan hannu, alhali ita Keziya uwarta ba ta taɓa barin ta ƙunsa ba. Ɗan ƙaramin yatsan hagu kuma a karkace. Ta ɗago. Yatsan nan dai shi ne a gabanta, a hannun Fatsuma cikin alayyafo, yadda taɓarya ta bar shi tun suna yara.

Nan take barandar gidan Baturiyar ta dawo mata. Sanyin safiyar Jos, inuwar mangwaro, warin man fenti kamar kananzir. Mis Alderton da fensir soke a gashi, tana rufe ido ɗaya tana cewa, "Zauna shiru, Kezi," da Hausarta mai ban dariya. Da rana ta yi tsaka sai ta ba ta biskit ta sallame ta. Kuma kullum, i, kullum, a bakin ƙofa takan yi kiciɓis da Fatsuma da farantin gyaɗa tana shiga.

"Ashe ba gyaɗa kike kai mata ba."

"Gyaɗa ina! Baturiya ko taunawa ba ta yi. Haka take aikinta, fuska a wurin wannan, hannu a wurin wancan. Liman ɗin da ke littafin ma ƙafafun kuku ne da shi."

Dariya ta kusa kufce wa Keziya, ta danne. "To me ya sami nawa hannun?"

"Kin manta? Shekarar ƙazwa ce fa. Susa kike kamar mai kaɗa garaya, ba kya iya riƙe ƙwaryar."

Keziya ta hango kanta cikin sabon leshi, matan coci a jere, fasto Enoch a gaba. Ta sassauta murya.

"Hajiya, ƙawata, ki zo mu tsaya tare. Ki ɗaga hannunki su gani, ni in yi murmushi. Amma zancen susar nan a bar shi a Jos."

"In Bature ya tambaye ni dalili fa? Da furfurata zan yi ƙarya?"

"Sai ki ce kin manta."

"Ni kuwa sai ka ce jiya."

"To ki je ke da yatsanki ku tsaya! Mu ga wanda zai gane ki ba kai!"

Keziya ta finciki jakarta, ta dogara sanda ta fice, ta maka ƙofar har maƙwabta suka leƙo.