Rabin Ƙwaya

Tana cikin shanya tawul ɗin shago telan da ke maƙwabtaka da shagon mijinta ya yi sallama. Bai shigo ba. Ya tsaya bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuyansa, ya ce, "Maman yara, sai haƙuri. Babur ya kife da shi a hanya." Ta ƙarasa matse tawul ɗin da ke hannunta, sannan ta zauna a ƙasa.

Mijin nata mai aski ne. Shekara tara yana fama da ciwon nan mai hawa da sauka: wani lokaci ya yi mako bai runtsa ba, yana zuba kamar rediyo, wani lokaci ya kwanta wata guda ko gaisuwa ba ya amsawa. Da asibiti suka ɗora shi kan wata ƙwaya mai suna litiyam, ɗaya da safe ɗaya da yamma, sai gida ya lafa. Ita ke riƙe da maganin, shi ya sa yake kiranta Likita.

Sai dai maganin ya sa masa rawar hannu. Ran nan yana gyara wa wani saje ya yanke shi a kunne. Mutane suka fara wucewa ta ƙofar shagon suna ɗaga masa hannu daga nesa. Ya dawo gida ya miƙa mata hannuwansa biyu.

"Dubi nan, Likita. Wa zai ba wannan wuyansa?"

"Ni zan ba ka."

"Ke ai ba ki da gemu."

Bai yi dariya ba. Dama ya daɗe bai yi ba, ita kuwa tana kewar dariyar. Washegari ta sa wuƙa ta raba ƙwayar biyu. Daga baya ta daina ba shi ta yamma.

Hannu ya tsaya cak. Ya dawo yana waƙa a banɗaki, yana tsokanarta da cewa miyarta ta fi ta uwarsa, amma kada ta faɗa. Mako uku ta samu mutumin da ta aura. A na huɗu barci ya ƙaurace masa, ya fente shagon sau biyu, sannan ya hau babur wai zai je garin gaba ya buɗe shago uku kafin la'asar.

Bayan ta fita takaba ta ƙulle guntayen ƙwayoyin a leda ta tafi asibiti. Ta zube su kan teburin likitar da ke duba shi, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba.

"Ni ban yi karatu ba. Ki faɗa mini gaskiya, ni na kashe shi?"

Likitar ta dubi guntayen.

"Mama, maganin nan shi ke riƙe ciwon, kada ya hau kada ya sauka. In aka rage shi kwatsam, ciwon kan dawo da ƙarfi. Rawar hannun kuwa sananniya ce. Jini za mu auna mu daidaita, ko mu ƙara wani da zai kwantar da ita, ko mu sauya masa gaba ɗaya."

"Ashe akwai wani?"

"Akwai, Mama. Ba mu tambayi sana'arsa ba, ku ma ba ku faɗa ba."

Ko ita ta kashe shi, likitar ba ta ce mata e ba, ba ta ce a'a ba. Haka matar ta kwashe ledarta ta fito.

Ta zaci mai waƙar nan za ta riƙa tunawa. Ashe mai shirun ne ya tsaya mata a rai, wanda ke zama bakin gado yana ninke kayan yara a karkace. Maganin yana sa shi ƙishirwa, kullum da gorar ruwa a gefensa. Har yau in ta tashi da safe takan cika gorar ta ajiye a wurin. In yamma ta yi, ta zauna ta shanye.